Zanin gadon guntayen atamfa ya tattare

Tambaya: Anti, na haɗa guntayen atamfa da shadda da nake karɓa wurin tela na ɗinka zanin gado. Wanki ɗaya ya tattare, jan kuma ya zuba kan fari. Ina na kuskure? Maman Hafsat, Zariya.

Amsa: Maman Hafsat, nawa na farko ma haka ya yi, kuma ya ba ni takaici sosai. Sabon yadin auduga yakan tsuke in ya sha ruwa, kowanne da irin tsukewarsa. Ni yanzu sai na jiƙa kowane launi daban, na shanya, na goge, kafin almakashi ya taɓa shi. Ki ajiye shaddar, ki haɗa atamfa da 'yar'uwarta. Ki yanki kwali mai inci 5 kowane gefe, ki riƙa auna ƙyallayen da shi. Jan da bai daina zuba ba kuwa, kada ya kusanci fari.