Tambaya da Amsa: Idan Ma'aunin Hasken Tsohuwar Kyamara Ya Fara Kuskure

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na gaji kyamarar fim ƙirar Minolta SR-T 101 daga mahaifina. Na saya mata sabon batir mai lamba 625A, ya zauna daidai a gurbinsa, allurar ma'aunin haske kuma tana motsi kamar yadda ya kamata. Sai dai da aka wanke fim ɗin farko, hotunan da na ɗauka a rana duk sun fito da duhu, na cikin ɗaki kuwa da ɗan dama-dama. Shin ma'aunin ya mutu ke nan?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ma'aunin da allurarsa take amsa haske bai mutu ba, kuma bisa yadda ka siffanta lamarin, na fi zargin batirin da ka saka fiye da kyamarar kanta.

An fara fitar da SR-T 101 a shekarar 1966, lokacin da kusan duk kyamarorin da suke auna haske da ƙwayar CdS suka dogara da batirin zaiba, da yawansu mai lamba PX625 ko PX13. Ƙarfin wannan batir bolt 1.35 ne, kuma abin da ya sa masu ƙira suka so shi shi ne ba ya sauka daga wannan ƙarfi sai yana dab da ƙarewa. Saboda haka ba su ga dalilin sanya wani abu mai daidaita wuta a cikin kyamarar ba, batirin da kansa suka mayar abin dogaro. Ƙwayar CdS ba ta samar da wuta, aikinta kawai ta ƙyale wutar batir ta wuce da yawa idan haske ya yi ƙarfi, ta tauye ta idan ya yi rauni, allura kuma ta nuna yawan wutar da ta wuce. Daga baya aka hana sayar da batirin zaiba saboda gubar da ke cikinsa, a Turai tun farkon shekarun 1990, a Amurka kuma da dokar 1996, sai kamfanoni suka fito da na alkalin mai siffa iri ɗaya, wato 625A ɗin da ka saya. Shi kuwa yana farawa ne daga bolt 1.5 ko sama da haka kaɗan, ya riƙa sauka a hankali har ya mutu. Yayin da yake sabo yana tura allura fiye da kima, ta nuna maka haske ya fi yadda yake a zahiri, kai kuma ka rage ƙofar haske ko ka ƙara saurin labule (murfin da yake buɗewa ya rufe domin haske ya kai ga fim), fim ya samu ƙasa da abin da yake buƙata. Kuskuren ya fi girma a haske mai ƙarfi, inda yakan kai mataki ɗaya (wato rabin hasken da fim yake buƙata) ko fiye, shi ya sa hotunan rana suka fi lalacewa. Abin da ya fi wannan muni shi ne kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin na wannan watan ba zai zama na watan gobe ba. Kamar sikeli ne da ake sauya masa dutsen awo kullum ba tare da an sanar da mai awon ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ɗauko nagatif ɗin, ba hotunan da aka buga ko aka saka a kwamfuta ba, ka ɗaga shi zuwa haske. A gefen fim, kusa da hujojin da haƙoran kyamara suke kamawa, akwai lambobi da sunan fim da aka buga tun daga masana'anta. Idan waɗannan rubuce-rubuce sun fito baƙi sosai alhali hoton da ke tsakiya ya yi fayau har kana ganin yatsanka ta bayansa, to haske ne bai isa ba, laifin yana wajen ɗauka. Idan kuwa rubutun gefen shi ma ya dusashe, matsalar wanki ce ko tsufan fim, kuma babu ruwan ma'auni a ciki.

Idan ta tabbata batirin ne, hanya mafi sauƙi ita ce batirin na'urar taimaka wa ji mai lamba 675, wanda yake aiki da zinki da iska. Ƙarfinsa kusan bolt 1.4 ne, kuma yana riƙe shi ba hawa ba sauka kamar na zaiba. Ya fi PX625 ƙanƙanta, don haka sai an zagaye shi da ɗan zoben roba domin ya zauna a tsakiyar gurbi, sannan bayan an ɓare takardar da ta rufe ramukansa a ba shi 'yan mintoci ya sha iska. Aibinsa shi ne da zarar an ɓare shi ya fara ƙarewa, ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba, cikin 'yan watanni kuma sai an sauya. Wanda yake ɗaukar hoto a kai a kai ya fi dacewa ya nemi adafta mai lamba MR-9, ɗan gida mai siffar tsohon batirin da ake saka masa batirin azurfa mai lamba 386, wanda dayod da ke cikinsa yake sauke bolt 1.55 zuwa kusan 1.35. Kada a saka masa na alkalin, domin adaftar tana rage ƙarfi ne kawai, ba ta hana shi sauka. Mai gyara ƙwararre yana iya liƙa irin wannan dayod a cikin kyamarar ita kanta a huta gaba ɗaya, kuma ni wannan nake zaɓa wa kyamarar da mutum ba ya da niyyar rabuwa da ita.

Bayan ka sauya batir, ka gwada ma'aunin a matakan haske uku: tsakar rana, inuwa, da cikin ɗaki. Ka fuskanci bango mai launi ɗaya har ya cika tagar leƙe, ka kwatanta abin da allura ta ce da na wata kyamara da ka amince da ita ko manhajar auna haske ta waya, dukansu a kan lambar ASA ɗaya, wato lambar da ke nuna saurin fim wajen karɓar haske. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar kowace na'ura: a rana tsaka, ba gajimare, abin ɗauka yana fuskantar rana, fim mai ASA 100 yana son ƙofar haske kusan f/16 da saurin labule 1/125 na daƙiƙa. Idan bambancin ya zama iri ɗaya a duk matakan uku, gyaransa yana hannunka, domin ma'aunin da yake rage wa fim mataki ɗaya sai ka gaya masa 200 alhali fim ɗin 400 ne. Idan kuwa ya yi daidai a ɗaki ya kauce a rana duk da batir mai kyau, ƙwayoyin CdS ɗin ne suka tsufa, kuma juya lambar ASA ba zai daidaita su ba, sai mai gyara. Ka lura da cewa ƙwayar CdS tana jinkirin dawowa bayan ta kalli haske mai tsanani, saboda haka ka ba ta ɗan lokaci kafin ka auna wuri mai duhu.

Ba duk kyamarorin wancan zamani ne suke da wannan lalura ba. An tsara wayoyin Pentax Spotmatic na 1964 ta yadda ɗan bambancin bolt ba ya karkatar da allura sosai, Pentax K1000 na 1976 kuma tun asali da batirin LR44 ko SR44 aka yi ta.

TAMBAYA: Malam, tawa Olympus OM-1 ce, ta daɗe a ajiye. Na saka sabon batir na kunna, allurar ko gezau. Wani ya ce min in buɗe murfin sama in duba. In buɗe?

AMSA: Malama, kada ki buɗe. A ƙarƙashin murfin sama ne allurar take, da naɗin wayarta da ya fi gashi siranta, kuma tsinin sukundireba ɗaya da ya zame ya isa ya mayar da ƙaramin gyara babba. Yawancin allurorin da suka ƙi motsi kwata-kwata wuta ce ba ta isa gare su ba, ita kuwa daga ƙasa take shigowa, don haka daga can za ki fara.

Ki tabbatar batirin yana da rai ta hanyar auna shi da mita irin ta masu gyaran rediyo, domin sabo a kwali ba shaida ba ce, ki kuma duba ba a kife kika saka shi ba. Daga nan ki haska cikin gurbin da tocila. Farin gari mai kama da gishiri ko wani kore-kore a kan ƙarfen alama ce ta batirin da ya taɓa zuba a ciki. Ki tsoma auduga a ruwan khal, ki matse ta har ta daina ɗiga, ki goge wurin, ki bi shi da sipirit, ki bar shi ya bushe. Ki goge cikin murfin da zarensa su ma, domin ta jikin kyamarar wutar take komawa, kuma dattin da ido ba ya gani a zaren murfi ya isa ya yanke ta. Makunnin ON da OFF da ke sama shi ma yakan yi tsatsa idan ya shekara ba a taɓa shi ba, sau da yawa kuma kunna shi da kashe shi sau da dama a jere yana share masa hanya.

Idan har yanzu shiru, ki sa ido a tagar leƙe ki ɗan girgiza kyamarar a hankali. Allurar da take rawa kaɗan ta koma mazauninta lafiyarta ƙalau, wuta take jira. A nan abin zargi shi ne siririyar wayar da ta tashi daga gurbin batir, domin ruwan batir yakan bi ta ƙarƙashin robar waya ya cinye tagullar ciki, ta yi baƙi ta rube alhali daga waje tana nan kamar sabuwa. Liƙa bakinta da dalma ba ya ɗorewa, sai an sauya ta gaba ɗaya. Allurar da ta kafe ko da an girgiza kuwa, ko dai ta manne da tsohon soson cikin kyamarar da ya narke ya zama danƙo, ko ɓurɓushin ƙarfe ya maƙale a maganaɗisunta. Duka biyun aikin mai gyara ne. Idan za ki kai masa, ki roƙe shi ya cire soson da ke kan gilashin firizim a lokaci guda, domin a OM-1 wannan soso idan ya ruɓe yana cin azurfar gilashin, ya bar tabon da ba ya goguwa a tagar leƙe.

Kafin nan ba sai kin ajiye ta ba. OM-1, wadda ta fito a 1972, labulenta na inji ne zalla, batir ma'auni kaɗai yake ciyarwa, don haka kina iya auna haske da waya ki saita da hannu. Fim ɗin nagatif yana jure ƙarin haske fiye da ƙarancinsa, saboda haka idan kika yi shakka ki ƙara buɗe ƙofa. Wannan sauƙi bai shafi irin su Canon AE-1 ba, wadda ba ta ɗaukar komai idan batirinta mai bolt 6 ya mutu.

TAMBAYA: Olympus Trip 35 ɗina ba ta da gurbin batir ko kaɗan. Ta yaya zan san ma'auninta yana aiki, kuma gaskiya ne idan aka shanya ta a rana yana farfaɗowa?

AMSA: Malam, ba gaskiya ba ne, shanyawar ma ƙara gajiyar da shi take yi. Wannan zoben mai ƙananan ƙurajen gilashi da ya kewaye idon kyamarar ƙwayar seleniyom ce a bayansa, wadda take samar da 'yar wutarta daga haske nan take ba tare da ta adana komai ba. Shekaru da laima da yawan zama a haske suna raunana ta, shi ya sa waɗanda aka ajiye da murfi ko a cikin jaka suka fi daɗewa.

Gwajin ba wuya. Ka juya zoben ƙofar haske zuwa A, ka ja fim, ka rufe gaban da tafin hannu, ka danna. Ya kamata jar tuta ta taso a tagar leƙe, maɓalli kuma ya ƙi sauka. Sai ka fuskanci haske mai ƙarfi ka danna rabi kana kallon cikin gilashin, inda ya kamata ka ga ƙofar ta tsaya ƙarama, a inuwa kuma ta ƙara faɗi. Idan tutar ba ta tasowa ko ƙofar ba ta sauya girma, kada ka yi saurin yanke wa ƙwayar hukunci, domin a wannan ƙira fiffiken ƙofar haske sukan manne da tsohon mai, kuma wanke su kawai ake yi. Idan ƙwayar ce ta mutu da gaske, sai an ciro ta wata kyamarar, ko ka haƙura da zaɓar ƙofa da hannu, inda labule yake tsayawa a 1/40 kaɗai.

TAMBAYA: Allurar Nikkormat FTn ɗina tana tsalle sama da ƙasa duk lokacin da na juya zoben sauri. Batir ne?

AMSA: Da wuya, Malam. Tsalle a lokacin juyi yana nuna datti ko zaizayar wani zoben gawayi da ke kewaye da mazaunin gilashin idon kyamara, wanda wani ɗan ƙarfe yake gogawa a kansa domin ya sanar da ma'auni saitin da ka zaɓa. Ka juya zoben sauri da na ƙofar haske daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa, domin idan datti ne kawai wannan yakan kwantar da allurar. Ka kuma tabbatar ka ɗaura gilashin yadda ƙirar take so, wato ka sa shi a f/5.6 kafin ɗaurawa, sannan ka juya zoben zuwa mafi ƙanƙantar ƙofa ka dawo da shi mafi faɗi, ka duba jerin lambobin da ke gefen mazaunin ya nuna lambar ƙofa mafi faɗi ta gilashinka. Kada ka fesa masa man sassauta tsatsa, domin zai bi ta ciki ya kai ga labule. Idan tsallen ya tsaya a wasu saituna kaɗai kuma ya ƙi tafiya, gawayin ya cinye a wurin, kuma tun da an daɗe da daina ƙera zoben, sai mai gyara ya samo shi daga jikin wata Nikkormat da ta lalace.