Man kaɗanya ba lema ba ne

Ɗana na ga saƙonka, wai wata kwastoma a kasuwar Kejetia ta Kumasi ta tambaye ka ko man namu yana tare rana kar fuska ta tsufa da wuri, shine kake so mu rubuta haka a jikin roba. A'a, kar ma ka soma.

Ka tuna galan ɗin man 'ya'yan kuka da ka manta a ƙofar shago rana tai ta dukansa? Da muka buɗe ai wari ya canza, sai zubarwa muka yi, har yau abin na mini ciwo wallahi. Toh kusan haka rana ke yi wa fata. Haskenta mai cutarwa kala biyu ne ke iso mu, UVB shi ke ƙona sama, UVA kuwa shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, yana ratsa gajimare da gilashin mota ya shige can ciki yana tsinka kolajin, wato abin da ke riƙe fata a miƙe, daga nan sai tamoji da baƙin tabo a kumatu. Baƙar fatarmu tana ɗan taimako amma ba ta hanawa, dubi fuskar masu talla a Aboabo.

Bitamin E da ke cikin man kaɗanya da na riɗi da na zogale shi ake ce wa antioksidan, aikinsa rage ɓarnar bayan haske ya riga ya shiga, man kuma ya riƙe danshi kar fata ta tsattsage lokacin hunturu. Amma tare hasken? SPF, wato ma'aunin ƙarfin kare fata daga rana, na irin waɗannan mayukan ko 10 bai kai ba, likitocin fata kuma 30 suke cewa. Ka rubuta abin da ba a gwada ba FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, su zo, wa zai amsa, ni ko kai?

Zafi mai yawa kuma yana lalata bitamin E ɗin nan, shi ya sa nake maka faɗan wuta. Kaɗanyar Tamale a kan ruwan zafi ake narkar da ita, ba a ɗora ta kai tsaye ta yi hayaƙi, sai ta huce hannu na iya taɓawa sannan ka zuba bitamin E, giram 1 a giram 100 ya isa, a juye a kwalba mai duhu.

Ita hajiyar ka ce ta shafa namu da dare, da rana ta nemi man kare rana a famasi ta riƙe lema, in tana shafa man bilicin ta bari don shi ke ƙara buɗe wa rana ƙofa. Gobe ka taho da sikelin.