Na sayi gem da kuɗina amma sai da data yake buɗewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Kabuga nake, don Allah ka warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Na tara kuɗi na sa yayana ya saya min gem na asali a intanet da katinsa, na ƙona data ba kaɗan ba wajen sauke shi, na ɗan buga kwana biyu lafiya lau, to rannan laftof ɗina ta yi afdet da daddare datata kuma ta ƙare, da safe na buɗe gem ɗin wai sai na hau intanet an tantance ni, alhali ni kaɗai nake bugawa ba da kowa ba. Abin haushin ma abokina da aka loda masa kirak ɗin irinsa, wato kwafin da aka fasa makullinsa, a kasuwa da 'yan canji shi ba ruwansa, ko a jen ko ba sabis buga abinsa yake yana min dariya. Shin wauta na yi da na biya?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ba wauta ka yi ba, kuma haushin da ka ji a kan hanya yake, 'yan gem a duk duniya sun fi shekara 15 suna wannan rigimar da kamfanoni.

Abin da ya tare ka shi ne makullin hana satar fasaha da ake kira DRM. Ba ka faɗi sunan gem ɗin ba, to bara in maka bayanin wanda ya fi yawa a manyan gem na kwamfuta yanzu, wato Denuvo, na wani kamfani ne a ƙasar Ostiriya, an fara ganinsa a 2014 a FIFA 15. Yadda yake aiki, ranar farko da ka buɗe gem sai ya leƙa kayan cikin kwamfutarka, firosesa da Windows ɗin da ke kai da sauransu, ya aika wa sabarsu, su kuma su ba shi izini na wannan kwamfutar kaɗai. In wani abu ya canja, ko afdet ko ka sauya wani fat, sai ya ɗauka wata kwamfutar ce daban, izinin ya faɗi, sai ka sake hawa intanet. Kuma yawanci kwamfuta 5 kawai ake yarda da su cikin awa 24, in ka wuce haka sai ka jira gobe. A 2021 da Intel ta fito da firosesa zubi na 12 an samu tarin gem da suka ƙi tashi sam saboda makullin ya rikice da sabon tsarin firosesar, mutum da sabuwar kwamfuta fil da gem ɗin da ya biya amma yana zaune yana kallon allo.

Kai naka ma da sauƙi. A 2008 kamfanin EA ya fitar da gem ɗin Spore da makullin SecuROM, sau 3 kacal za ka iya sa shi a kwamfuta, aka yi ta surutu har da kai ƙara kotu kafin suka mayar 5, kuma duk da haka yana cikin gem ɗin da aka fi sacewa a shekarar. A 2010 Ubisoft ta ce Assassin's Creed II na kwamfuta dole kana kan intanet daga farko har ƙarshe, netwok na yankewa gem ya tsaya, ka yi tunanin wannan a unguwar da sai ka fita ƙofar gida ka ɗaga waya sama kafin saƙo ya tafi. Sai a 2012 suka sanar a fili cewa sun janye tsarin. Microsoft ma a 2013 ta so Xbox One ya riƙa hawa intanet sau ɗaya duk awa 24, mutane suka yi mata ca, ta janye tun kafin na'urar ta shigo kasuwa.

Ni abin da ya fi ba ni takaici, wanda ya fasa makullin ya cire shi ya jefar, masu kirak ba su ma san da shi ba, wanda ya biya shi ke ta fama da tantancewa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. A 2021 ma an gwada Resident Evil Village aka ga na kirak ya fi na asali tafiya sumul ba ya sarƙewa, sai da Capcom, kamfanin da ya yi shi, ya fitar da gyara. Kuma masu tsara abin nan a ransu kowa na da wuta da intanet ɗin gida dare da rana, ba su san da wanda ke lissafin giga ɗaya-ɗaya ba, balle tun da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025.

Amma fa su ma kamfanonin ba hauka suke ba. Mafi yawan cinikin sabon gem a makonnin farko ake yinsa, in makulli ya riƙe ɓarayi na wata biyu ko uku to ya biya su, shi ya sa za ka ga wasu suna cire shi daga baya in kasuwa ta lafa. Mu a Kano ai ba sai an ba mu labari ba, mun ga yadda kwafi da 'yan tura fim a waya suka kashe kasuwar faifan Kannywood a Ƙofar Wambai har masu shirya fim suka koma YouTube. Haƙƙinsu ne su kare guminsu, inda na raba gari da su shi ne a hukunta mai saye.

Kada dariyar abokinka ta ja ka. Ban da maganar haƙƙi, da kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 da ta hana fasa irin wannan makulli, kirak ba kyauta ba ne kamar yadda ake gani. A 2021 kamfanin Avast ya gano wata ƙwayar cuta mai suna Crackonosh a cikin kirak ɗin gem irin su GTA V, ta shiga kwamfuta sama da 200,000, tana kashe antibairos tana haƙo kuɗin kirifto na Monero a ɓoye, kai dai ka ji fanka na ihu batir na zuƙewa. Wasu kuma fasawod suke kwashewa, kuma na san a laftof ɗin nan kake buɗe imel da fotal ɗin makaranta.

Yanzu dai ka kunna hotspot ka buɗe gem ɗin sau ɗaya, tantancewar ba ta cin data sosai, sannan ka dakatar da afdet ɗin Windows na ɗan lokaci in ka san za ka zauna ba data. Gaba kuma ka duba kafin ka biya, a Steam, kantin sayar da gem na kwamfuta a intanet, ana rubutawa a gefen shafin gem in yana da Denuvo ko yana buƙatar wani akawun, kuma za su mayar maka da kuɗinka in ba ka wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga awa 2 ba. In gem ɗin da kake so yana GOG to can ka saya, kantin gem ne na intanet da kamfanin CD Projekt na ƙasar Foland, masu The Witcher 3, ya kafa, ba sa sa makulli, za ka sauke fayil ɗin ka ajiye a filash ka sa duk sanda ka ga dama. Sai dai ba za ka samu sabbin gem ɗin ƙwallo a can ba, in kuma gem ya dogara kacokan da sabar kamfani ka sani haya kake, gem ɗin tseren mota The Crew da Ubisoft ta kashe sabarsa a Maris 2024 har masu faifansa ba su ƙara buga shi ba.

TAMBAYA: Malam ina da ɗan gidan gem a Ɗorayi, PS4 uku. Na sayi gem a wajen wani mai sayar da akawun, yanzu kwaɗo ya fito a kan gem ɗin sun ƙi buɗuwa yara na jira. Meye mafita?

AMSA: Alhaji wannan kwaɗon yana nufin na'urar ta kasa tabbatar da lasisi. Akawun ɗaya PS4 ɗaya tak yake ɗauka a matsayin babbar na'urarsa, ita ce ke buga gem ba intanet, masu sayar da akawun kuwa mutum da yawa suke sayar wa abu ɗaya, wani na kunna nasa naka ya faɗi. Ka hau intanet ka shiga saitin akawun ka danna Activate as Your Primary PS4 sannan Restore Licenses, in ya ƙi to ka koma wa wanda ya sayar maka. Don sana'a irin taka faifai ya fi kwanciyar hankali, ko na hannu ne, ka dai gwada shi a gabansa kafin ka ba da kuɗi.