Amsar maganar silikon ɗin shogilas na gidan tarihi

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, na ji saƙonka. Ka ce wane silikon ne, wato gam ɗin nan da muke liƙa gilashi da shi, ya fi riƙe gilashin akwatin shogilas. To tunda akwatin na gidan tarihi ne, bar maganar riƙo, duk suna riƙewa. Abin da yake fitarwa lokacin bushewa za ka duba.

Wannan mai arhan da muke sa wa tagar alminiyam, buɗe ka shinshina. Warin ruwan khal ne, ko? To asid ke nan yake fita. A taga iska ce ke kwashewa, ba ruwan kowa. Amma akwatin da ka toshe ruf saboda ƙurar hunturu, ina zai je? Kan kayan zai sauka. Dalma yake fara ci, sai ka ga harsashin bindigar toka ya koma farin gari. Tagulla ta yi kore. Kuɗin wuri ma wani abu fari kamar gishiri yake fito musu.

Nemi wanda aka rubuta "neutral" a jikinsa, wato wanda ba ya fitar da wannan asid ɗin. A'a tsaya, shi ma iri biyu ne. Mai "oxime" yana iya taɓa tagulla, mai "alkoxy" ya fi lafiya. Kuma manyan gidajen tarihi ba sa yarda da rubutun jikin robar silikon, gwadawa suke yi. Andrew Oddy na Gidan Tarihin Birtaniya ya fito da gwajin a 1973: a rufe silikon ɗin a kwalba da ɗan ruwa, da guntun azurfa, jan ƙarfe da dalma, zafi digiri 60, kwana 28. In ƙarfe ya canza launi, an jefar da silikon ɗin.

Sannan ko mai kyan ne, a bar akwatin a buɗe kamar sati huɗu kafin a zuba kaya. Nan ne fa ake faɗa da mu! Wani ɗan kwangila, ba zan kama suna ba, na gama masa aiki da yamma, da safe ya jera kaya, wai babban baƙo zai zo buɗewa. Na ce Alhaji a jira, ya ce ai ya taɓa da yatsa ya bushe. Yatsa! Da kayan suka fara fari wa aka kira? Ni. Har yau cikon kuɗina yana hannunsa, kuma shi ke yawo yana cewa...

Kai, bari dai. Katakon ciki ma magana ce, MDF (katakon da ake haɗawa da garin katako da gam) da farin gam duk suna fitar da nasu asid ɗin. Turo min hoton robar tukuna, gaba da baya.