Shawagi da ƙaramin jirgi a Alaska: ya cancanci kuɗinsa?

Malam, ka tambaya ko shawagi da ƙaramin jirgi a sararin jihar Alaska ta ƙasar Amurka ya cancanci kuɗinsa. Ƙwarai kuwa, domin yawancin jihar babu hanyar mota. Ka tashi daga garin Talkeetna, inda ƙananan jirage ke kewaya dutsen Denali mai tsawon mita 6,190, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Arewacin Amurka. Idan aljihu ya yarda, ƙara kuɗi a sauke ka kan Ruth, wani makeken filin ƙanƙara da ke kusa da dutsen, ka taka da ƙafarka. A ganina nan daɗin yake. Ka je tsakanin Mayu da Satumba, kuma ka ware kwana biyu, don gajimare kan hana tashi. Za a tambayi nauyinka saboda jirgin ƙarami ne, kada ka rage ko kilo ɗaya.