Tambayi Likita: Wayar da ke ba da insulin da kanta, da zafin Sakkwato

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan ciwon suga suka zo, kuma yawancinsu na'urori suke tambaya. Na tsamo guda biyar.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗiyata shekararta 11, shekara biyu ke nan ana yi mata allurar insulin sau huɗu a rana. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya turo mini bidiyon wani Bature da wayarsa ke auna masa suga, ta ba shi magani yana barci. Ya ce mutane da kansu suke haɗawa, kuma kyauta ne. Ni gyaran waya ne sana'ata. Zan iya haɗa mata? Ni da uwarta mun manta rabonmu da barci mai nauyi. (Wani uba daga Runjin Sambo)

Amsa: Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya saka muku da alheri. Abin da ka gani gaskiya ne, ba siddabaru ba. Sai dai ba wayar kaɗai ke aikin ba, abu uku ne. Akwai 'yar na'urar da ake mannawa a damtse ko a ciki, mai siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, tana aika adadin suga duk bayan 'yan mintoci. Akwai famfon insulin, wanda bai kai ƙaramar waya girma ba, yana ɗiga maganin kaɗan-kaɗan dare da rana. Na uku ita ce manhajar da ke tsakani. Kusan duk minti 5 tana duba inda suga yake da inda ya dosa, ta lissafa insulin ɗin da bai gama aiki a jiki ba, sannan ta ce wa famfo ya ƙara, ya rage ko ya tsaya.

Asalin abin ma daga matsalar barci ya taso, irin taku. Wata Ba'amurkiya mai suna Dana Lewis tana tsoron kada suganta ya faɗi cikin dare ba ta ji ƙarar na'urarta ba. Ita da Scott Leibrand suka fara da neman ƙara mai ƙarfi, suka ƙare da haɗa famfo da 'yar ƙaramar kwamfuta, da taimakon aikin Ben West. A 2015 suka saki tsarin ga kowa da sunan OpenAPS. Daga baya aka samu Loop na iPhone da AndroidAPS na wayoyin Android. Taken waɗannan mutane shi ne "ba za mu jira ba", kuma sun riga kamfanoni, domin sai a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa na farko na kamfani, wato MiniMed 670G.

Yana aiki kuwa? Yana yi. A 2022 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Niyuzilan kan mutum 97, yara da manya, na tsawon mako 24. Waɗanda aka ɗora kan AndroidAPS sun fi sauran zama cikin ma'aunin da ake so, wato adadin suga tsakanin 70 da 180, da fiye da awa uku a kowace rana. Ga yarinya mai tasowa, awa uku kullum ba ƙaramin abu ba ne ga idonta da ƙodarta.

Amma Malam, banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar ce kyauta. Na'urar manne irin FreeStyle Libre kwana 14 take yi a sake wata, Dexcom G6 kwana 10. Zaren famfo kuma duk kwana biyu ko uku ake canza shi. Da kuɗin waje ake sayo waɗannan kaya, kuma ba a yi musu bashi. Abin da ya fi tsorata ni ma ba kuɗin ba ne. Famfo insulin mai saurin aiki kaɗai yake ɗauka, babu mai dogon zango a jikinta kamar yadda take samu yanzu. In zare ya toshe ko ya fita tana barci, cikin 'yan awoyi jiki zai fara tara gubar da muke kira kiton, sai amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama, har ta kai ga suma. Gidan da ke da famfo dole ya ajiye allura, da insulin mai dogon zango, da tsinken gwajin fitsari, kuma a san yadda za a koma kansu da tsakar dare.

Sana'arka za ta taimake ka wurin haɗa manhajar, domin kai za ka gina ta da kanka a kwamfuta, ba a sauke ta kamar WhatsApp. Amma lambobin da za a ba ta, wato insulin nawa ke rufe abinci nawa, da nawa ke sauke suga zuwa kaza, aikin likitan yarinyar ne. In aka ba ta lambar banza, da ita za ta yi ta lissafi ba gajiya. Kuma har yanzu ku za ku gaya mata yawan abincin da yarinya za ta ci. Manhajar ba ta san fura ba, ba ta san cewa tuwon shinkafa ya fi na dawa saurin tayar da suga ba.

Da ni ne kai, daga ƙasa zan faro. In aljihu zai ɗauka, sai na'urar manne kaɗai, irin mai ƙara in suga ya faɗi, a haɗa ta da wayarka ko ta mahaifiyarta. Wannan shi ne ainihin maganin rashin barcinku, kuma ba shi da haɗarin famfo. Ku yi wata uku a haka, ku kai bayanan wurin likitan yaran da ke ganinta, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko duk inda take da kati. Maganar famfo ta biyo baya, in kun tabbata kaya ba za su yanke muku ba.

Tambaya: Likita, garinmu wuta sai ta ga dama, ga bazara ta shigo. Ina sa insulin ɗin ɗana cikin kula da ƙanƙara. Daidai ne? (Wata uwa daga Gwadabawa)

Amsa: Hajiya, ƙoƙarinki yana da kyau, amma ki raba kwalbar da ƙanƙara. Insulin da ya daskare ya lalace, ko da ya narke ya koma kamar lafiya lau. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda aka fara amfani da shi yana kai kimanin mako huɗu in zafi bai wuce 30 ba. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da Jami'ar Janeba sun gwada insulin a irin zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, mai hawa da sauka tsakanin 25 da 37, suka tarar ya riƙe ƙarfinsa har mako huɗu. Labari ne mai daɗi, sai dai ɗakin kwano a Afrilun Sakkwato ya fi haka, tunda waje ma yana haura 40.

Mafita tana tsakar gidanki. Ki samu tukunyar ƙasa babba da ƙarama, ki sa ƙaramar cikin babbar, ki cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa wannan dabara don adana kayan miya. Busasshiyar iskarmu ce ke sa ta aiki, shi ya sa ta fi ƙarfi da rani fiye da damina. Ki sa kwalbar cikin roba mai murfi, kada ta taɓa ruwa. In insulin mai garau ya yi duhu-duhu, ko mai kamar madara ya yi gudaji, a yar da shi.

Tambaya: Na sayi agogo a intanet, an ce yana auna suga ba tare da huda yatsa ba. Kullum lafiya yake nuna mini. In daina sayen tsinken gwajin jini? (Wani ɗan kasuwa daga Tsohuwar Kasuwa)

Amsa: Alhaji, ka bar shi ya riƙa faɗa maka lokacin salla. A 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta fito ƙarara ta ce ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna suga da kansa ba. Ka koma kan tsinkenka tun yau.

Tambaya: Ina amfani da na'urar manne. Wani lokaci ta nuna 65, in huda yatsa in ga 90. Wanne zan yarda da shi? Kuma tunda ina ganin sugana kowane lokaci, zan iya azumi? (Wata ɗaliba daga Mabera)

Amsa: 'Yata, na'urar ba jini take aunawa ba, ruwan da ke ƙarƙashin fata ne, kuma shi yana bin jini a baya da kimanin minti 5 zuwa 15. Ranar farko takan yi ɗan shirme, haka in kin kwanta kin danne ta takan nuna ƙasa. Yawan bitamin C yana iya sa Libre ta nuna sama da gaskiya, maganin hydroxyurea na masu sikila kuma yana yi wa Dexcom haka. Duk lokacin da lamba ta saɓa da yadda kike ji a jikinki, yatsa ne alƙali. In ko kina jin karkarwa da gumi, kada ki tsaya shari'a tsakaninsu, ki sha suga cokalin shayi uku a ruwa, ki sake aunawa bayan minti 15.

Azumi kuwa, ba ki faɗi irin ciwonki ba, kuma ba a yanke wannan hukunci ta wasiƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki ga likitanki tun Rajab ko farkon Sha'aban. In ya ba ki dama, ƙa'idar ita ce a karya da zarar suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura minti goma a sha ruwa.

Tambaya: Mun buɗe zauren WhatsApp na iyayen yara masu suga. Jiya wani ya turo lambobin allurar ɗansa ya ce kowa ya gwada, wata kuma ta ce garahuni da zogale sun raba ɗanta da allura. Ni ke kula da zauren, yaya zan yi? (Wani malamin makaranta daga Wamakko)

Amsa: Malam, ka yi abin kirki, kada ka rufe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai abin da uwa za ta koya wa uwa wanda ban isa in koyar a minti goma na ɗakin duba marasa lafiya ba: wane kantin magani ke da insulin wannan mako, yadda za a yi wa shugaban makaranta bayani, wa ke da tsinke ya ranta wa wani kafin Litinin. Su kansu Turawan da suka haɗa waɗancan manhajoji a zaurukan Facebook suka taru, kuma ko a can, in sabon shiga ya nemi lambobin wani, cewa ake ya gwada nasa tare da likitansa.

Ka kafa doka biyu, ka manna su a saman zauren. Ba a raba lambobin allura, domin abin da ya daidaita yaro mai kilo 40 yana iya sumar da mai kilo 25. Kuma duk saƙon da ya ce a bar insulin, a goge shi nan take. Ita baiwar Allah mai garahuni, ka kira ta a waya yau, cikin mutunci. Yaro mai ciwon suga nau'i na ɗaya, wato irin wanda dole sai da insulin, yakan samu ɗan lokaci bayan gano ciwon da buƙatarsa ta insulin ke raguwa sosai, iyaye su ɗauka ya warke, alhali wucewa yake yi. Ka roƙe ta ta auna shi, ta kawo shi asibiti kafin a kai ga amai. Sannan ku nemi wata nas ko likita ku saka a zauren, ko da sau ɗaya a mako za ta riƙa leƙowa.