Wannan lissafin rashonal ne, ɗan'uwa

Ka tambaya ko (x² − 4)/(x − 2) folinomiyal ne (wato lissafi irin x² + 3x + 1, wanda babu x a ƙasan layinsa), tunda idan an soke x − 2 sama da ƙasa yana komawa x + 2.

A'a, rashonal ne, wato folinomiyal da aka raba da wani folinomiyal. Duba ƙasan layi: akwai x. Sa 2 a gurbinsa, sai ƙasan ya zama sifili, kuma ba a rabawa da sifili. Shi kuwa x + 2 lafiya lau zai ba ka 4. Nan ɗalibai suka fi zamewa, shi ya sa nake nanata shi.

Amma x/3 + 5 folinomiyal ne, don 3 ce kawai a ƙasa. Folinomiyal yana son fawar x, wato ƙaramar lambar da ke saman x, ta zama 0, 1, 2, haka dai. x⁻¹ kuwa 1/x ne, rashonal ke nan. √x ba ya cikin ko ɗaya.